Lambar da ke Ƙasan Takarda

A wani ƙaramin gari da ke gaɓar tekun Norway, an yi wani matashi mai suna Eivind da ke koyon aiki a jaridar garin. Basira kam yana da ita, sai dai garaje ya yi masa yawa, ga son a ce shi ne ya fara. Editar jaridar, Torunn, dattijuwa ce da ta sha barazana har ta daina ƙirgawa. An taɓa fasa mata gilashin mota, an kuma taɓa aiko mata da hoton ƙofar gidanta ba ko kalma ɗaya.

Doka ɗaya ce Torunn ba ta wasa da ita: duk takardar sirrin da aka kawo, sai a kwafe abin da ke ciki da hannu, a kulle ta asalin.

"Wannan ai aikin zamanin kakanni ne," in ji Eivind. "Mutane hoto suke son gani."

"To ɗauki na fuskarka ka sa musu, tunda kai kyakkyawa ne," in ji Torunn. "Takardar mutane kuwa, ka ƙyale ta."

Wata Litinin, Ragnhild, ma'aikaciya a ofishin wata gonar kifi, ta kawo wa Eivind takardar da ke nuna kamfanin yana ɓoye wata cuta, yana zubar da matattun kifi a teku.

"Shekara goma sha tara ina aiki a kamfanin nan, ga yara biyu," ta ce. "Don Allah kada a san ni ce."

"Haba, kwantar da hankalinki," in ji shi.

Torunn tana wurin likitan haƙori lokacin da Eivind ya ji wata jarida ma tana bin labarin. Bai jira ba. Ya ɗauki hoton takardar ya ɗora a shafinsu na intanet. Sunan Ragnhild bai fito ba, amma can ƙasa akwai wata 'yar lamba da injin buga takardun kamfanin ke sawa, mai nuna wanda ya buga.

Hukuma ta hana zubar da kifin. Kafin Juma'a kuma an kori Ragnhild. Aka juye ruɓaɓɓen kifi a ƙofar gidanta, aka juye a ƙofar jaridar. Torunn ba ta yi faɗa ba, ta miƙa wa Eivind bokiti kawai. Daga nan masu kawo musu labari a ɓoye suka ɗauke ƙafa.

Bayan wata biyu ya ga Ragnhild a tashar jirgin ruwa da akwatuna da yaranta, za su bar garin. Ya ƙarasa wurinta.

"Labarin ya yi kyau," ta ce, ba fushi ba komai. "Kowa ya karanta."

Ya tsaya har jirgin ya ɓace. Yanzu duk shekara yakan je makarantar sakandaren garin, ya nuna wa ɗalibai hoton nan ya ce, "Ku nemo abin da ban gani ba." Ba sa wuce minti ɗaya.

Darasi: aikin jarida yana tone ɓarnar da masu ƙarfi ke binnewa, shi ya sa ake yi wa masu yin sa barazana. Amma wanda ya ba ka labari ya fi ka shiga haɗari. Ya ku matasa, amanarsa tana gaba da sunanku, kuma sauri ya haifi nawa.