Kilo Biyun da Ɗayyabu Ya Bari a Jidda

Akwai wani Ɗayyabu, injiniya a wani kamfani da ke Khumra, a nan Jidda. Ba shi da zance sai na keke. Da hutunsa ya zo, ya ce zai ratsa ƙauyukan Jawa, can Indonesiya, a kan kekensa har sati uku.

Saleh, ɗan Indonesiyan da ke dafa musu shayi a ofis, ya ji ƙauyensu yana kan hanyar. Ya kawo ƙullin dabino da gorar zamzam, a kai wa mahaifiyarsa da ke kwance. Shekara huɗu rabonsa da gida.

"Halas, shi ke nan, ya Saleh, ka ɗauka ya isa," in ji Ɗayyabu.

Yana zuwa gida ya ɗora ƙullin a sikeli, ya tsuke fuska.

"Kilo biyu, Lubabatu. Kin san kilo biyu a hawan dutse? Ni da ko buroshin haƙorina sai da na gutsure masa mariƙi."

Matar tasa ta ce in ba zai kai ba, ya mayar wa mai shi. Ya tura ƙullin ƙarƙashin gado.

Rana ta tara da fara tafiyar aka yi ruwa irin wanda Jidda ba ta sani ba. A wata gangara birki ya ƙi ci, ya afka gonar shinkafa, kafaɗa ta goce. Manoman da suka ciro shi ba sa jin Larabci. Sunan ƙauyen Saleh kawai ya iya faɗi, suka kai shi can a motar kayan miya.

Ashe kwana uku ana jiransa, Saleh ya yo waya. Aka ɗora masa kafaɗa, aka ciyar da shi, sannan aka shigar da shi wurin tsohuwar. Maƙwabta sun cika ɗakin, kowa da ɗan ƙaramin kofinsa, yadda suke tarbar wanda ya zo da zamzam.

Ƙanwar Saleh, wadda ta taɓa aiki a Jidda, ta ce a hankali, "Ya Hajji, fen zamzam? Ina zamzam ɗin?"

Ya ce gorar ta fashe sanda ya faɗi.

Tsohuwar ta kife kofinta, ta yi magana. Aka fassara masa: ta gode Allah da ruwan ne ya zube, ba jininsa ba.

Kafin ya dawo Jidda ta rasu. Saleh ya kawo masa shayi, ya riƙe hannunsa, ya ce, "Mudir, maigida, ka wahala saboda uwata."

Da yamma Lubabatu ta ajiye ƙullin kusa da abincinsa.

"Ko ka kai masa, ko ni in kai."

Shi ya kai. Saleh ya daɗe yana kallon igiyar da ya ɗaure da hannunsa, ba a ko kwance ta ba. Ya rungume ƙullin ya koma kicin.

Darasi: In ba za ka iya kai saƙo ba, ka faɗa tun mai shi yana da damar neman wani. Ku tura wa duk wanda ke shirin tafiya.