Kazar Hadiyya da Buhunan Wake

Akwai wani manomi a Gatawa mai suna Halliru, mutum mai ƙwazo, ba a raba shi da fartanya. Aibinsa guda ne: in ya faɗi magana, to ta zauna, ko da a kan ƙaya ne. Matarsa Habi ta san halin kayanta, sai take bin sa a sannu.

Shekarar da Allah ya ba shi wake mai yawa, bai yarda ya zuba a rumbu ba. Kun dai san yadda yankin ya koma, cikakken rumbu a bayan gida kiran ɓarayin daji ne. Sai ya ɗura waken a buhuna, ya jibge a ƙaramin ɗakin da ke manne da na yara.

Ranar kasuwar Sabon Birni ya sayo ƙwayar maganin ƙwari, irin wadda ake ƙullewa a tsumma a cusa cikin buhu. Mai maganin ya gargaɗe shi kada ya zuba da yawa, amma gogan naku ya ninka, wai don ƙwarin su ji a jikinsu. Ya toshe taga, ya garƙame ƙofa da kwaɗo.

Da la'asar Habi ta shiga ɗakin yara, sai wani wari ya doke ta, kamar na ruɓaɓɓiyar tafarnuwa. Ta ɗaga kai. Ashe bangon da ya raba ɗakunan bai kai rufi ba. Tun ginin fari aka bar giɓi a sama, kullum ana cewa sai bayan kaka za a cike.

Ta nufi wurin Halliru.

"Malam, maganin ga yana ƙetarowa ɗakin ɗiya," in ji ta.

"Ta ina? Ɗaki kulle, makulli ga aljihuna. Ko fiffike gare shi?"

"Ta bisa. Shiga ka ji."

"Ke dai Habi da tsoro! Maganin ƙwari na, ba na mutane ba."

Ba ta ja da shi ba. Bayan magariba dai ta shimfiɗa wa yaran tabarma a ƙarƙashin rumfa, ta ɗaura gidan sauro.

Nan ran Halliru ya ɓaci. Kuma a gaskiya yana da nasa tsoron. "So kike a ga iyalina kwance waje, a hwara tambayar mi na ɓoye ɗaki? Kin san garin ga da kunnuwa."

Ana cikin haka autarsu Hadiyya ta fashe da kuka. Tana da wata kaza da kakarta ta ba ta, tana kwanci a cikin tsohuwar ƙwarya daf da inda yarinyar ke sa kai. Kaza mai kwanci kuwa ba a ɗaga ta, sai ta ƙi ƙwan, shi ya sa aka bar ta a ciki. Ita Hadiyya sai kusa da kazarta za ta kwana.

"Wuce ɗakinku ki kwanta," in ji uban.

Habi ta tsaya a bakin ƙofar, ta tare hanya. "Malam, tun da ka aure ni ban taɓa tsallake maganarka ba. Yau kam ka yi man haƙuri. In sauro ya cije su, za ni kai su asibiti. Wancan ko, ban san inda za ni kai su ba."

Ya ja tsaki, ya bar mata tuwonta ko taɓawa bai yi ba. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, amma ba ta matsa daga ƙofar ba. A ƙarƙashin rumfar yaran suka kwana.

Da gari ya waye Hadiyya ta ruga duba kazarta, uwar ta cafke ta. Halliru ya ce bari shi ya shiga, kowa ya ga babu komai.

Yana tura ƙofa tari ya sarƙe shi. Ga kaza can ta faɗo daga kan ƙwai, wuya a miƙe, ta sandare. A daidai gurbin tabarmar Hadiyya take kwance.

Ya fito da ita a hannu, ya zauna a kan turmi. Innalillahi kawai yake maimaitawa.

Hadiyya ta matso. "Baba, barci take?"

Ya ajiye kazar, ya rungume yarinyar, ya kafa kunnensa a ƙirjinta yana sauraren numfashinta, hawaye na zuba cikin gemunsa.

Can ya ɗago ya dubi Habi. "Kai ɗiyan ga gidan Inna. Za ni buɗe ko'ina iska shi shiga. Ki gahwarta man."

Da warin ya fita, aka kwashe buhunan zuwa wani kango nesa da makwanci. Ranar Halliru bai je gona ba, ya yini yana kwaɓa ƙasa yana cike giɓin nan.

Darasi: Maganin da ke kashe ƙwari ba ya tantance numfashin ƙwaro da na yaro. Kada a ajiye hatsi mai magani a ɗakin kwana ko wanda ke manne da shi, kuma in mai ɗakinka ta ce ta ji wari, tashi ka duba, girmanka ba zai ragu ba. Ku tura wa 'yan'uwa manoma, wataƙila yau wani ya sayo tasa ƙwayar.