Waƙar da Laraba Ta Bari a Kan Dutsen Niƙa

An yi wani mutum, 'yan'uwa, wani bawan Allah mai suna Irmiya, wanda bishara ta kai shi wani gari mai nisa tun zamanin kakanni. Shekara ashirin da bakwai yana wa'azi a gindin tsamiya. Ku saurara: ashirin da bakwai, ko mutum ɗaya bai ba da gaskiya ba. In ya kira gayya, shi da fartanyarsa. In ya yi sallama, a amsa masa ta bayan danga.

Matarsa Laraba ba ta iya karatu ba. Abin da ta ji daga bakinsa, shi take rerawa tana niƙa, 'yan matan maƙwabta na leƙe suna dariya.

"Laraba, maganar Allah ce fa, ba waƙar niƙa ba."

"Malam, riƙe littafinka, bar ni da dutsena."

Tsakiyar damina Laraba ta rasu. Shi kaɗai ya haƙa kabarin, ruwa na cika ramin, yana kwarfewa da ƙwarya. Ya ce, "Ubangiji, a kan dutse na yi shuka. Na kawo baiwarka ta mutu a banza." Ya ɗaure littafin a tsumma, ya kama hanyar garinsu, ba ya ko waiwaye.

Kwana huɗu yana tafiya, ƙishi ya tsayar da shi a wani ƙauye da bai sani ba. Can cikin gida dutse na gurza, wata na rerawa: "Makiyayi ya bar casa'in da tara, ya tafi neman guda." Muryar ba tata ba ce, amma waƙar tata ce, har inda take jan numfashi.

Da matar ta kawo ruwa ya ce, "'Yata, wa ya koya miki?"

"Surukata, Baba. Da waƙar a bakinta aka auro ta daga wani gari. Mazanmu suka yi ta cigiya har suka sami mai ba su labarin makiyayin. Yanzu gida tara muke taruwa ran Lahadi. Sha mana, kana ta zubarwa."

Ya yi dariya, hawaye na sauka cikin ƙwaryar. Murna ta cika shi, ga shi ba Laraba da zai gaya wa.

'Yan'uwa, mai shuka ba lallai ya ga tsiro ba, amma irin Allah ba ya ruɓewa. Kai da ka gaji da addu'a saboda ɗanka, ke da ake yi wa dariya a gidanki, kada ku ɗaure littafin. Wataƙila can wani ƙauye ana niƙa da waƙarku.