Fakarun Gwaggo Tasalla

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da wuta.

Mun matso, Kaka, ta zo mu ji ta.

Wata tsohuwa ce, Gwaggo Tasalla, ta tsinci ƙwan fakara a gefen gona. Ta kawo gida ta sa wa kazarta. Kaza ba ta yi tambaya ba, ta kwanta a kai, ta ƙyanƙyashe. Kullum da safe Gwaggo sai ta zuba tsaki a ƙwarya, ta girgiza, caka-caka, ta ce, "Kur-kur-kur, 'ya'yana!" Su zo a guje. Karenta ma ya zo, don a lokacin ake jefa masa ƙanzo.

Da suka girma, tausayinsu ya kama ta. Ta kai su bakin daji ta ce, "Ku je, nan ne garinku." Niyyarta mai kyau ce, ban ce a'a ba. Amma ta sallame su ba su iya komai ba sai zuwa in an kira.

Suna gindin kalgo suna jiran tsaki, sai ga Dila.

"Sannu, Baba," in ji babbarsu. "Kai aka aiko da tsakin?"

Dila ya waiga, ko da wani ake. Tun da uwarsa ta haife shi tsuntsu bai taɓa gaishe shi ba.

"Ni ne," ya ce. "Sai dai tsufa, 'yan nan. Ku tuna mini, yaya ma Gwaggo ke yi?"

Suka koya masa, har da gyara masa murya.

Dila ya samo tsohuwar ƙwarya, ya zuba tsakuwa. Da safe, caka-caka, "Kur-kur-kur, 'ya'yana!" Wadda ta riga isowa ya ce mata, "Zagaya bayan geza, naki na can." Ta zagaya, ba ta dawo ba. Sauran suka tambaya, ya ce, "Ta ƙoshi, barci take." Gobe haka, jibi haka.

Autarsu ba ta da gudu, kullum ita ce ta baya. Yunwa ta kora ta cikin ciyawa, ta tarar da wata tsohuwar fakarar daji tana tonon gara.

"Inna, ku a nan wa ke kiranku ku ci?"

"Kira? 'Yar nan, a dajin nan na tsufa, ba wanda ya taɓa kirana don ya ba ni. Duk ranar da aka kira ni, ni ce abincin. Sa ƙafa ki tona."

Auta ta tona, ta ci gara, ba daɗi amma ciki ya ɗauka. Ta koma ta gaya wa 'yan uwanta. Wasu suka ji. Wasu suka ce Baba Dila mutumin kirki ne, kuma sai su zagaya bayan geza.

Dila ya yi ƙiba har tafiya na ba shi wuya. Ya ga masu amsawa sun ragu, ya ce, "Ai Gwaggo na da kaji, kuma kiran ɗaya ne." Kun ji kwaɗayi. Ya laɓe bayan dangarta, caka-caka, "Kur-kur-kur!" Kafin kaji su iso, kare ya tsallake danga, caraf, ya kama wutsiyar Dila.

"Dakata, Yaya!" in ji Dila. "Gwaggo ce ta aiko ni da ƙanzonka, ga shi nan a ƙwarya!"

Kare, shi ma ɗan gida ne. Ya saki wutsiya, ya kai baki, ya gartsa tsakuwa. Kafin ya tofar, Dila ya shige daji da rabin wutsiya.

Gwaggo ta fito, ta ga ƙwarya, ta ga tsakuwa, ta ga gashin fakara manne a jiki. Ta ɗebi tsaki na gaske ta nufi gindin kalgo. Caka-caka. "Kur-kur-kur, 'ya'yana!"

Auta na cikin ciyawa. Ta san muryar nan, ta fi son ta da komai a duniya. Har ƙafarta ta ɗaga da kanta. Sai ta runtse ido, ta buɗe fukafukai, firrr! Sauran 'yan kaɗan da suka rage suka bi ta, firrr!

Gwaggo ta tsaya da ƙwarya a hannu tana kallon su suna gudunta. Ta yi kuka, don abin da zafi. Sannan ta share ido da bakin zane ta ce, "Madalla. Ku yi ta gudu." Ta juye tsakin a ƙasa, ta koma gida, ba ta ƙara kira ba.

Kurunkus kan wutsiyar Dila! In za ku kira kajin wani, ku fara tambaya ko da kare a gidan.