Rijiyar Mai Zaman Asabar

Akwai wani magidanci a wani ƙauye mai nisa da ruwa. Idan rani ya yi, matan ƙauyen sukan tafi rafi su tona rairayi, su zauna jiran ruwa ya tsattsafo, ba su dawowa sai rana ta take. Matar mutumin nan ta yi shekaru tana wannan tafiya, har gammo ya cinye mata gashin tsakar ka. Wata rana ya ga ta sauke tulu tana dafe da wuya, abin ya taɓa masa zuciya ƙwarai. Sai ya ce mata, "Uwargida, in Allah ya yarda, kafin ruwan fari ya sauka, a tsakar gidanki za ki ja ruwa."

Maganar ta zaga gari. Maƙwabcinsa, wani ƙaƙƙarfan mutum, ya ce ai shi ma ba za a bar shi a baya ba. Rana ɗaya suka ɗauki diga, kowa ya soma haƙa a gidansa, matansu suna jan kwandon ƙasa daga sama.

To, magidancin nan yana da wata al'ada. Kowace Asabar da safe ba ya sauka cikin ramin. Sai ya gitta itace a bakin rijiyar, ya ɗaura igiya a tsakiyarsa, ya ɗaura dutse a ƙarshen igiyar, ya zura ta a hankali har ƙasa. Sa'an nan ya zauna ya duba. Yakan yi addu'a, ya tuna aikin da ya yi a makon, ya auna a ransa inda yake so ya kai kafin wata Asabar, da abin da ya kamata ya tanada tun damina ba ta zo ba.

Maƙwabcin kuwa ba Asabar ba Litinin, diga kawai. Tulin ƙasarsa ya yi tsawo har ana hangensa ta kan danga. Matan gari fa suka sami abin yi a hanyar rafi. Suna ce wa matar magidancin, "Ina maigidanki, yana can yana jiran ruwan ya hawo ya gaishe shi?" Har suka laƙaba masa suna, Mai Zaman Asabar.

Ta dawo gida ranta a ɓace, ta ce, "Maigida, kunya ta ishe ni. Tulin ƙasarsu ya ninka namu, kai kuwa kana zaune kana kallon rami."

Ya ce, "Wanda yake cikin rami, ƙasar da ke gaban hancinsa kaɗai yake gani. Yi haƙuri."

Wata Asabar ya zura igiyarsa kamar kullum, sai ya ga dutsen bai sauka a tsakiya ba, ya je ya jingina da bango. Ya duba da kyau. Ashe a makon nan ya tarar da marmara, wato jan dutsen nan mai tauri, a gefe guda, sai hannunsa ya riƙa kauce mata yana bin ƙasa mai taushi, shi bai ma sani ba. Rijiyar ta fara karkacewa. Yana ciki, a idonsa komai daidai yake.

Bai ɓoye wa matarsa ba. Ya kira ta ya nuna mata, ya ce makon nan ba za a ƙara zurfi ba, marmara zai fasa. Ya kuma leƙa gidan maƙwabcin ya ce, "Ɗan'uwa, ƙasarmu ɗaya ce da kai. Ga igiyata, fito ka auna taka."

Maƙwabcin ya amsa daga can ƙasa, ko ɗaga kai bai yi ba, "Riƙe igiyarka, malam. Ni ruwa nake nema, ba wurin zama ba."

Magidancin ya koma ya yi ta fama da marmara, hannuwansa suka yi kanta, ramin bai ƙaru ba. Ana cikin haka sai aka ji guɗa daga maƙwabta, sun tarar da ruwa. Ranar matar magidancin ta bi ta bayan gari zuwa rafi don kada ta gamu da kowa.

Amma ba girin-girin ba, ta yi mai. Rijiyar maƙwabcin ta karkace ƙwarai, guga ba ya sauka sai ya gogi bango, in ya hawo rabinsa laka. Da ruwan fari ya sauka, bangon da ya rataya ya jiƙa ya zabtare, rijiyar ta rufta gaba ɗaya. Allah ya kiyaye ba kowa a ciki, amma wahalar rani guda ta tafi a banza.

Magidancin kuwa ya kai ga ruwa ana saura kaɗan hadari ya haɗu. Ya riga ya tara duwatsun ɗaure bakin rijiyar, gama ya tsara wannan tun a zamansa na Asabar. Aka sha ruwan sama, rijiyarsa tana nan tsaye kyam, guga yana sauka bai taɓa ko'ina ba.

Ni kam ina son in tuna matar nan a safiyar da matan gari suka yi sallama a ƙofarta da tulunansu, matar maƙwabcin tana can baya tana sunkuyar da kai. Matar magidancin ba ta rama gorin da aka yi mata ba. Ta kamo hannun maƙwabciyarta ta sa ta a gaba, ta miƙa mata guga. Sa'an nan ta gyara ɗaurin kallabinta, ta ɗaga murya yadda mijinta zai ji daga ɗaki, ta ce, "Ku ɗiba, ku ƙara. Rijiyar Mai Zaman Asabar ce, mijina."

Ma'anar wannan misali ita ce, rijiyar nan rayuwarka ce, haƙa kuwa ita ce hidimar da kake yi kowace rana, a gona, a kasuwa, a makaranta, har a cikin ikilisiya. Ƙasa mai taushi ita ce abin da ya fi maka sauƙi. Marmara ita ce abin da kake kauce wa, ko gafarar da ka ƙi nema, ko tarbiyyar 'ya'yan da kake ta ɗagawa, ko halin da ka san ya kamata ka bari. Ba wanda yake karkacewa da niyya. Kaɗan-kaɗan ne, yana kuwa zufa yana cewa aiki yake yi. Igiyar ita ce Maganar Allah, ita ba ta bin son zuciyar kowa.

Saboda haka, ƙaunatattu, kowa ya keɓe lokacinsa, ya tsare shi kamar yadda yake tsare ranar kasuwa. Ka fito daga ramin ka zauna a gaban Allah, ka tambayi kanka inda ka nufa, ko hanyar da kake bi za ta kai ka can, da abin da za ka kama a mako mai zuwa. Ubangijinmu kansa yakan janye daga taro ya keɓe domin addu'a, balle ni da kai. In an yi maka dariya, kada ka ji kunyar zaman nan, abin alfahari ne. Akwai masu jiran su sha daga rijiyarka, ranar da suka zo da tulunansu kuwa, ba wanda zai tambayi tsawon tulin ƙasarka.