Wanda Ya Rasa Mai Sa Masa Jalebi A Baki

Akwai wani dattijo a tsohon garin Bhopal na ƙasar Indiya mai suna Wajahat Husain. Mai duba tikiti ne a jirgin ƙasa har ya yi ritaya, sai dai ya ajiye kakin aiki bai ajiye halin ba. Duk wanda ya yi kiciɓis da shi a matakalar gidan da suke haya, kallon wanda ya hau jirgi ba tikiti yake yi masa.

Anwar tela, keken ɗinkinsa ya cika ƙara. Kamla da ke hawa na sama, shanyarta tana ɗiga masa a baranda. Kowa da laifinsa, kuma Wajahat ba ya mantuwa.

Amma babban abokin gabarsa shi ne Mangilal, mai suyar jalebi a ƙasan tagarsa. Tun da sanyin safiya ake yin layi a rumfar har kan kwana. Mangilal zai cika ƙyalle mai huda da ƙullu, ya riƙa murɗa shi a cikin mai, ya tsamo ya tsoma a ruwan sukari, mutane na miƙa hannu suna ihun a sallame su. Daga wasu unguwanni ake zuwa saboda jalebin nan. Wajahat kuwa hayaƙi da hayaniya kawai yake gani. Ya sha kai ƙara hukuma a tashi rumfar, har an taɓa kwashe wa Mangilal kasko da benci ana tsakar ciniki. Kuma ko sau ɗaya bai taɓa ɗanɗana abin ba.

"Abincin titi," in ji shi. "Ƙura da ƙuda."

Lokacin da matarsa Sha'ista take da rai, ita ce mai bin bayansa tana gyara abin da ya ɓata. Da ta rasu, 'yarsu ɗaya tilo Rukhsar kuma tana gidan aure a Pune, sai gidan ya yi tsit. Kullum sai ya dafa shayi kofi ɗaya, ya sha, ya wanke kofin. Kujerar Sha'ista tana nan kusa da taga, ba mai zama. Kaɗaici ya ishe shi matuƙa, amma da ka tambaye shi sai ya ce ai shirun yake so.

Wata safiya bayan ya dawo daga masallaci wayarsa ta yi ƙara. Rukhsar ce, muryarta a gajiye.

"Abbu, na sauka lafiya. Mace ce. Hancin marigayiya Ammi ta ɗauko sak."

Wajahat ya juya da sauri wajen kujerar taga, bakinsa a buɗe zai ba da albishir. Sai ya tuna. Ya tsaya a tsakiyar ɗaki da waya a hannu, murna ta cika masa ƙirji, ba wanda zai juye wa ita.

To mu nan, labari mai daɗi ba ya tafiya shi kaɗai, da zaƙi yake tafiya. Ka sayo, ka bi gida-gida ka raba, wanda ya fara jin albishir kuma shi zai ɓalli ɗaya ya sa maka a baki da hannunsa. Mai murna ba ya ciyar da kansa. Da can Sha'ista ce mai wannan zagaye. Yau ba ta nan, shagunan zaƙi na kasuwa kuma ba su buɗe ba tukuna. Rumfa ɗaya ce a buɗe.

Ya sa farar rigarsa ya sauko, ya shiga layi. Kowa ya juyo yana kallonsa. Wani ya yi ƙasa da murya ya ce, "Yau kuma da wace ƙarar ya zo?"

Da layi ya zo kansa, bai kalli Mangilal ba.

"Kilo biyu."

Mangilal ya ɗago daga kan kasko. "Na'am, Sahab?" Wato yallaɓai.

"Kurma ne kai? Na ce kilo biyu."

Mangilal ya auna, ya cika kwali, ya ɗaure da zare. "A ci da zafinsa, Sahab. In ya huce ya zama wani abu daban."

Wajahat ya biya ya wuce, kwalin yana ƙona masa tafin hannu.

Ƙofar Anwar tela ya fara ƙwanƙwasawa. Anwar ya buɗe ta kaɗan, yana ganin fuskar ya rikice.

"Sahab, wallahi ko taɓa keken ban yi ba yau. Ɗinkin hannu nake yi. A yi haƙuri."

Kafin Wajahat ya haɗa kalma ɗaya an mayar da ƙofa, har da sakata.

Ya hau sama wajen Kamla. Yana jin motsin tukwane a ciki, yana ƙwanƙwasawa motsin ya tsaya. Ya ji ta da kunnensa tana raɗa wa surukarta, "Shi ne. Ki yi shiru, zai gaji ya tafi."

Da zai ɗaga murya ya ce albishir ya kawo, da an buɗe. Amma bakin da ya saba da faɗa bai san ta inda ake fara irin wannan maganar ba. Ya ɗan tsaya, ya sauko. Sauran ƙofofin bai ma gwada ba, domin kowace ya kalla sai ya tuna abin da ya taɓa faɗa a bakinta.

Ya koma ɗaki ya ajiye kwalin a kan tebur, ya zauna yana kallonsa. Mai ya fara ɓullowa ta jikin kwalin. Zafin ya tafi. Tururuwa suka fara aiko 'yan leƙen asiri, su kaɗai ne suka amsa gayyata.

Waya ta sake ƙara.

"Abbu, ka raba zaƙi kuwa?"

"Na raba. Duk unguwa an ci."

"Wa ya fara sa maka a baki?"

Ya kalli kujerar taga. "Mutane da yawa, Rukhsar. Ban ma riƙe ba. Ki huta."

Da ya kashe wayar ya ji kunyar kansa. Ya kwance zaren, ya ɗauki jalebi ɗaya, ya kai kusa da baki, ya mayar. Dattijon da ya tsorata fasinjoji shekara da shekaru ya dafe kai yana hawaye a gaban kwalin zaƙi.

Rana ta ɗan ɗaga sai ya ji ana ƙwanƙwasa ƙofarsa. Ya daɗe rabon da ya ji wannan ƙarar. Ya share fuska ya buɗe. Mangilal ne, yana haki saboda matakala, tawul a kafaɗa, jalebi mai tururi a kan ganye a hannunsa.

"Me ya kawo ka?" in ji Wajahat. Halin ne ya riga shi magana.

"Sahab, tun ina saurayi nake wannan sana'a. Ba mai sayen kilo biyu saboda yunwa. Na ga ka shiga da kwali, ban ga kowa ya fito yana lasar yatsa ba." Ya leƙa ya hango tebur. "To, mene ne albishir ɗin?"

Wajahat ya dube shi, ya faɗa a hankali.

"Rukhsar ta haihu. Mace."

"Kai! Rukhsar 'yar ƙaramar nan mai kitso biyu? Ubangiji ya raya! Buɗe baki, Sahab."

"Ni ba na cin..."

"Na sani, ƙura da ƙuda. Buɗe dai."

Ya buɗe. Mangilal ya ɓalli jalebin ya sa masa. Ya yi ƙaras a haƙori, ruwan sukari mai ɗumi ya fashe masa a harshe, da ɗan tsami-tsami a ƙarshe. Wajahat ya tauna a hankali, idonsa a rufe.

"Marigayiya ta fi son wanda ya ɗan soyu sosai," in ji Mangilal. "Irinsa na kawo maka."

Wajahat ya buɗe ido. "Sha'ista tana ci?"

"In ta dawo daga kasuwa. Takan zagaya bayan rumfa ta ci a tsaye, ta goge baki da mayafi don kada ka gani. Ranar da aka kwashe mini kasko ma ta zo ta ba ni haƙuri. Ta ce kai ba mugu ba ne, ba ka iya zama da mutane ba ne kawai."

Wannan ta fi komai yi wa Wajahat ciwo. Abin da matarsa take so yana ƙasan tagarsu, amma a ɓoye take ci, ita kaɗai, saboda shi.

"Na cuce ka, Mangilal. Me ya sa ka hawo?"

"Jaririyar ba ta kai ni ƙara ba, Sahab. Ɗauko kwalin mu sauka."

"Ya huce. Kai ka ce in ya huce..."

"Na ce ya zama wani abu daban, ban ce a zubar ba. Akwai madara a wuta. Jalebin da ya huce in ya sha madara mai zafi, wasu ma sun fi son sa haka."

Suka sauko. Akwai sauran mutane a rumfar, Anwar yana shan shayi a benci, Kamla ta fito sayen kayan miya. Mangilal ya jera kofunan ƙasa yana zuba madara.

Wajahat ya matso kusa da shi. "Ka faɗa musu."

"A'a. Ni suya ce aikina. Jikarka ce, bakinka zai faɗa."

Wajahat ya juya ya fuskanci mutane. Anwar har ya fara ajiye kofi zai sulale. Dattijon ya yi gyaran murya, muryar nan da duk unguwa ta sani.

"Jama'a... an yi mini jika."

Kowa yana jiran ya ji laifin wane ne.

Kamla ce ta fara magana. "Mace ko namiji?"

"Mace."

"Shi ne ka tsaya kana buga mini ƙofa kamar ɗan sanda? Ba ka da baki ne? Miƙo kofin nan, tsoho!"

Dariya ta ɓarke. Aka yi ta barka, hannuwa suka yi ta zuwa bakinsa har sukari ya ɓata farar rigar. Anwar bai saki jiki sosai ba, ciwon shekaru ba ya warkewa da kofi ɗaya. Amma ya ci, kuma da zai tafi ya tambaya ko an auna tsawon jaririyar, yana da ragowar yadi mai laushi.

Wajahat ya zaro waya ya kira Rukhsar. Ya ɗaga wayar sama kawai.

"Abbu? Ba na jin ka. Wace irin hayaniya ce wannan?"

Ya mayar da wayar kunnensa, bakinsa cike da jalebi.

"Maƙwabtana ne," ya ce.

Darasi: Wanda ya kori mutane don ya huta da damuwarsu, ranar murnarsa ma ba zai same su ba, kuma farin cikin da ba ka da wanda za ka gaya wa nauyi ne a zuciya. Ka gyara tsakaninka da maƙwabcinka tun yau, in kuma kai aka ɓata wa, ka zama mai hawa matakala kamar Mangilal. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai mai zaune shi kaɗai da kwalinsa yana jiran a ƙwanƙwasa masa ƙofa.