Dattijon da Yake Tace Masu Ba da Shaida

Akwai wani dattijon ikilisiya, mai shagon tayoyin mota, wanda kowa yake kira Baba Haleluya. Ko sannu ka yi masa, da haleluya zai amsa, kuma da ƙarfi.

Aikinsa a coci shi ne tace masu ba da shaida. Duk mai son tsayawa gaban jama'a ranar Lahadi ya faɗi abin da Ubangiji ya yi masa, sai ya fara samun Baba a ɗan ɗakin da ke bayan bagade, inda ake ajiye gangunan mawaƙa da karyayyun kujeru. Zai saurare ka yana juya makullin motarsa a yatsa. In aiki ka samu, ko haihuwa, ko ka tashi daga ciwo, ka wuce. In labarinka ba irin wanda jama'a za su tafa wa ba ne, sai ya ce ka je ka ƙara addu'a.

Wata Lahadi wata mata ta shigo ɗakin. Tela ce, ita take ɗinka rigunan mawaƙa. Ɗanta tilo ya daɗe a kwance da ciwon ƙoda, kuma ba a jima da binne shi ba.

"Baba, ina so in ba da shaida."

"Madalla! Me Ubangiji ya yi miki?"

"Ya riƙe ni."

"Ya riƙe ki, ya ba ki me?"

"Ba abin da ya ba ni, Baba. Yarona ya tafi, ai ku kuka yi addu'a a bakin kabari. Na ɗauka ko in bi shi ko in haukace. Ga ni ina tashi da safe, ina hawa keken ɗinki, ina cin abinci. Ba ƙarfina ba ne."

Makullin ya tsaya a yatsan Baba.

"'Yata, wannan ai zaman makoki ne, ba shaida ba. Mutane sun zo a ƙarfafa su, ke kuma ki sa su kuka? Ki bari Allah ya yi miki wani abin kirki tukuna, sai ki dawo."

Ta ce, "To, Baba." Ta ɗauki jakarta ta fita.

Matar Baba kuwa mace ce mai surutu. Shi da kansa ya sa mata suna Gidan Rediyo, ita kuma takan ce masa, "Kai da kake sauraro kyauta, har kana da bakin ƙorafi?"

Wata safiya tana goge masa riga a falo, tana ba shi labarin rigimar maƙwabta a kan igiyar shanya. Shi yana ɗaki yana neman safarsa. Labarin ya tsaya a tsakiya.

Ya ɗaga murya. "To sai aka yi yaya?"

Shiru. Sai ƙaurin yadi.

Ya fito ya tarar da ita a ƙasa, tsakanin kujera da teburin guga, bakinta ya karkace, idonta a kansa. Dutsen guga yana cin ƙirjin rigarsa.

A asibiti likita ya ce hawan jini ne ya shanye mata ɓarin jiki na dama, maganar ma ta tafi. Ya ce za a yi ƙoƙari, amma kada a sa rai da yawa.

Baba ya ce, "Likita, ka faɗi naka. Wanda ya fi ka zai faɗi nasa."

Ran Lahadi bai tace kowa ba. Shi ya karɓi makirufo, ya ce wa jama'a su shirya, matarsa za ta shigo cocin nan da ƙafafunta, ta ba da shaida da bakinta. Aka yi ta tafi. Ya sayi yadi mai tsada, ya aika autarsa ta kai wa telar nan, a ɗinka wa matarsa rigar ranar godiya.

Aka sallamo matar a keken guragu. Lahadi ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce. Hannun bai motsa ba, ƙafar ba ta motsa ba. In tana son ruwa sai ta buga cokali a jikin gado.

Baba ya yi azumi har wandonsa ya fara zamewa. Ya shafa mata mai, ya tsawata wa ciwon da murya mai firgita maƙwabta. Da ya ga ba canji, sai ya rufe ƙofa. Matan zumuntar coci suka zo, ya ce tana barci. Fasto ya zo, ya tare shi a bakin ƙofa ya ce, "Sauƙi na samuwa, haleluya." Shi kansa ya daina zuwa coci. Mutumin da ya yi shekaru yana koya wa mutane cewa bangaskiya ta gaske tana ƙarewa da tafi, ga shi da mata a kwance, bai san a wane layi zai sa kansa ba.

Auta ta ji shi wata rana a bayan gida, inda yake jibge tsofaffin tayoyi, yana ce wa Ubangiji, "Me na yi maka? A gaban mutane na faɗa. A gaban mutane!"

Ana nan sai telar ta zo da rigar a leda. Auta ce ta buɗe mata.

Baba ya warware rigar, fuskarsa ta canza. An tsaga ta daga kafaɗar dama har ƙasa, an jera manyan maɓallai.

"Mene ne wannan?"

"Auta ta ce hannun ba ya ɗaguwa, Baba. Ta nan za a sa mata ba tare da an ja shi ba. Haka na riƙa yi wa yarona."

"Rigar godiya na ce ki ɗinka, kika ɗinka mini rigar jinya! Wato ke har kin yanke cewa ba za ta tashi ba?"

"Ni wace ce da zan yanke? In ta tashi gobe, ku aiko, in haɗe tsagar a kyauta. Amma yau ma ai tana bukatar riga."

Telar ta karɓi rigar daga hannunsa. Ta wuce shi ta shiga ɗakin da matarsa take kwance.

Yana tsaye a falo da guntun fushinsa, ya ji telar tana rera wata tsohuwar waƙar yabo a hankali, irin wadda mata suke yi suna aiki. Can sai ya ji murya ta biyu.

Ya san muryar nan. Shekara da shekaru tana hana shi jin labarai.

Ya banko ƙofa. Matarsa tana zaune cikin sabuwar riga, bakinta a karkace, tana rera waƙar kalma bayan kalma, ba tuntuɓe. Auta ta dafe kai da hannu biyu.

Baba ya zube a gaban gadon. "Maman yara! Kira sunana! Ce Baba!"

Ta buɗe baki, ta yi ƙoƙari har jijiyar wuyanta ta fito. Ba abin da ya fita. Telar ta sake ɗaukar waƙar, matar ta bi ta tiryan-tiryan.

Daga baya likita ya ce ana samun haka, hanyar waƙa daban take da hanyar magana a ƙwaƙwalwa. Amma a ranar ba likita a ɗakin. Dattijo ne kawai a ƙasa, yana kallon matar da ba ta iya neman ruwa, amma tana iya yabon Ubangiji.

Ya juya ga telar, muryarsa ta yi ƙasa. "'Yata, in ba ta tashi ba fa?"

"To ba ta tashi ba, Baba. Yesu zai fita daga ɗakin nan ne don haka? Shi da ya san gicciye? Ni ban gan shi ya fita daga nawa ba."

Lahadin da ta biyo, ana cikin waƙar farko, ƙofar coci ta buɗe. Baba Haleluya ya shigo yana tura keken guragu. Mai ganga ya tsaya da sanda a sama. Waɗanda suka tashi za su yi guɗa suka ga keken, suka koma suka zauna a hankali.

Da lokacin shaida ya yi, ya karɓi makirufo.

"Na ce muku za ta shigo da ƙafafunta. Ba ta shigo ba. Ni na faɗa, ba Ubangiji ba. Ban san ko za ta sake tafiya ba. Abin da na sani, muna tashi da safe, muna cin abinci, kuma ba ƙarfinmu ba ne."

Ba wanda ya tafa. Ba wanda ya motsa.

Ya sauko daga bagade, ya bi ta tsakanin kujeru har layin baya, inda telar take zaune. Ya miƙa mata makirufo da hannu biyu.

"'Yata, ke ce a gabana a layi."

Darasi: Ba wanda aka ɗauke wa jarrabawa kaɗai ne yake da shaida ba. Wanda Ubangiji ya riƙe a tsakiyarta ma yana da tasa, kuma ita ce za ta yi maka amfani ranar da addu'arka ba ta dawo yadda ka aike ta ba. Kada ka rufe ƙofa don kunya, kada kuma ka rufe bakin mai kuka. Ku tura wannan ga wanda kuka san yana jinya ko makoki, ya san ba a manta da shi ba.